An Kama Ni da Harami a Jikina

A unguwar Bani Harisa ta birnin Madina aka haife ni, a gidan da kakanmu ya kafa bayan ya zo hajji a ƙasa bai koma ba. Tun ina saurayi nake taya kawuna sayar da dabino, mutane suna yaba gaskiyata wajen awo. Wata rana na jera dabinon ajwa mai tsada a saman kwali, na cika ƙasan da baƙin dabino mai araha. Alhajin da ya saya har addu'a ya yi mini, sai na raina abin. Daga cushen kwali na koma laluben aljihun baƙi a cunkoso. Shekaru ina yi, har na yi aure na haihu, kafin hannuna ya faɗa aljihun ɗan sanda mai farin kaya.

A gidan yari na nutsu, aka sake ni kafin wa'adina ya cika, bisa sharaɗin kada in bar Madina sai da izini. Baba Adam, wani Bahaushen Sudan mai kula da gonar dabino a Awali, ya ɗauke ni aiki. Kusan shekara na yi ina hawan bishiya, ƙaya tana huda ni, amma ban taɓa barci mai daɗi irin na lokacin ba. A shekarar aka sa ranar auren 'yata, aka ajiye shi bayan hajji, daidai ƙarewar wa'adina.

Sai mahaifiyata ta ce tana marmarin umra. Mu 'yan Madina ba ma ɗaukar zuwa Makka a matsayin tafiya, kamar leƙa gidan dangi ne. Ko tunanin izini ban yi ba. Ƙanena ya jawo mota, muka ɗaura niyya a miƙatin Abyar Ali, ina ta labbaika da ƙarfi. A shingen hanya aka duba katin shaidata, aka ce in sauko. Tsohuwa ta yi ta yi wa jami'in faɗa da Hausa, shi kuwa yana ta ce mata "haadir ya hajja", wato "to, Hajiya" da Larabci, bai ji ko kalma ba. Haka aka mayar da ni gidan yari da harami a jikina, 'yan ɗakinmu suka laƙa mini Alhaji.

An soke sakin, wannan ban yi musu ba. Abin da ya hana ni cin abinci shi ne shekarar da na yi a gona. Wani fursuna ya ce za a zubar da ita in sake daga inda na tsaya, wani ya ce ya danganta da alƙali. In aka zubar, wani ne zai ba da auren 'yata ina kulle.

Ranar zaman kotu Baba Adam ya zo ya shaida cewa ko ƙwayar dabino ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Alƙali ya tambaye ni dalilin fitata.

"Wallahi ya shaikh," na ce, "ban san Makka ma tafiya ce ba."

Ya danne dariya, ya ce sharaɗi sharaɗi ne, sai na ƙarasa a ciki. Amma tunda ban yi sabon laifi ba, watannin gona sun shiga lissafi. Na ji daɗin da ban san lokacin da na rungume mai gadina ba.

Na fito ana jajiberin biki. Da liman ya tambayi waliyyi, na ce ga ni a hankali, Baba Adam yana zungurina wai in ɗaga murya kamar ta labbaika. Na tuba, kuma Allah ya rufa mini asiri fiye da yadda na cancanta.

Samari, kada ku raina ƙaramin ha'inci don ba a gan ku ba. Wanda kuma aka saka bisa sharaɗi, ya tambaya kafin ya ɗaga ƙafa, ko da ɗakin Allah za shi. Ni alƙali ya mayar mini da watannina, amma ranar da aka fara kama ni na bar 'yata tana koyon karatu, ranar da na fito gaba ɗaya na same ta da lalle a hannu.