Minda Mai Ɗura

Duk ƙauyukan ƙabilar Masa na bakin kogin Logon, daga Yagwa har inda ake hango Bongor a tsallake, in aka ce mai ɗura, to Minda ake nufi. Abin dariya, 'yar mitsitsiyar mace ce, ba tsawo ba auki, amma ita ke kumbura ƙarti. In dangi suka yanke cewa ɗansu zai shiga guru walla, a rufe shi a bukka wata biyu ana ɗirka masa tuwon jar dawa da madara har ya fito ya cika ƙofa, ita ake aika wa.

Ba ta san tausayi ba a bakin aiki, kuma ba ta ɓoyewa. Namiji ya ci ya ci ya ture ƙwarya, sai ta take masa ƙafa ta matse masa muƙamuƙi. Ya yi amai, ta share, ta sake cikowa. Akwai wanda ya taɓa cizon ta a yatsa, ta fasa masa leɓe da muciya, ya haɗiye tuwon da jininsa.

"Ragon banza!" haka take ce musu. "Shanun ubanka ake tatsa dominka, ka ce mini ka ƙoshi? Buɗe bakin!"

Sukan fito suna sheƙi, 'yan mata na guɗa. Kafin damina ta zagayo sau biyu kuwa sun zube sun koma yadda suke, kamar ba a yi ba. Wannan bai taɓa damun ta ba. Abin da ke damun ta yana cikin gidanta.

Ɗanta Dapsiya bai taɓa ture ƙwarya ba tun da aka haife shi. Yana goye ya tsotse ta har sai da jini ya fito. Da ya fara tafiya, ɗanyen kifi, ɗanyar dawa, abin da aka zuba wa kare, duk nasa ne. Ta kewaye rumbu da ƙaya, ya tsallaka ya fito jina-jina yana tauna. Ta dake shi har ta gaji. Da ya tasa, shi ya fara dukan ta, a kan tukunya ya cire mata haƙori.

Mijinta Haranga kuwa, tsohon ɗan kokawa ne da bai taɓa yin suna ba, ganin abin yake kyauta ce daga Allah.

"Wasu sai an rufe su," yakan ce a gindin tsamiya, "nawa da gurunsa ya fito daga ciki."

Ya shigar da shi kokawa. Dapsiya ya kai shekara ashirin ba gemu, muryarsa ta yara, amma ba mai iya gusar da shi. Ba ya wata dabara, faɗa wa mutum kawai yake yi, a ji haƙarƙari ya ce ƙas. Haranga ya yi ta tsalle da sanda. Ba ruwansa da cewa yaron a zaune yake barci, don in ya kwanta numfashi yanke masa yake yi.

Ana haka wata likita ta zo daga Yawunde, sunanta Abomo. Aikinta binciken yadda ƙwaƙwalwa ke sanin ciki ya cika, shi ya sa take bin 'yan guru tana auna su tana ɗibar jininsu. Minda ta laƙaba mata "sauro mai farar riga". Wata rana Dapsiya ya fizge abincin direbanta, ya make shi ƙasa. Likita ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana kallon yadda yake ci, sannan ta roƙi a bar ta ta ɗibi jininsa.

Sai bayan girbi ta dawo, ta zauna da Minda a bakin murhu.

"Mama, kitsen jikin mutum yana aika saƙo ta jini zuwa ƙwaƙwalwa, ya ce mata ya isa haka. Shi ke sa mazan da kike ɗura wa su ture ƙwarya. Ɗanki jikinsa ba ya yin wannan abin sam. Ko sa guda ya cinye, ƙwaƙwalwarsa gani take yunwa na kashe shi."

"Wato ba haɗama ba ce?"

"Ba haɗama ba ce, Mama."

Minda ta tuna itatuwan da ta kakkarya a bayan yaron nan.

Akwai allura, in ji likita, abin da jikinsa ya rasa ne a cikinta. Kullum za a yi masa, kuma sai a sanyi take zama, don haka aka ajiye ta a firjin ɗakin shan magani. Minda ke raka shi kowace safiya. Ba a daɗe ba, wata rana da azahar, ya ci rabin tuwonsa ya tsaya yana kallon saura.

"Inna, ɗauke. Na ƙoshi."

Hannunta ya riga hankalinta, ta sharara masa mari, don abin da ta saba yi ke nan in ta ji wannan magana. Sai kuma ta rungume kansa ta fashe da kuka, shi yana dariya.

Ya fara zubewa. Muryarsa ta buɗe, ya iya kwanciya, ya daina kai wa kowa hannu. Daɗin da Minda ta ji a watannin nan ba ta taɓa jin irinsa ba. Amma a makokin wani dattijo aka yi kokawa, wani saurayi daga tsallake ya ɗaga Dapsiya ya buga da ƙasa, mutanensu suka yi ta waƙa suna tambaya ina giwar Haranga. A ranar Haranga ya ce guru walla za a yi wa Dapsiya. Wanda ya shiga kuwa ba ya fita, baƙo ba ya leƙa shi, kuma ba ya karɓar abinci sai daga hannun mai ɗurarsa.

Likita Abomo ta zo da ma'aikacin ɗakin magani don su roƙe shi. Haranga da ƙannensa suka tare su da sanduna. Suka farfasa gilasan mota, suka rotsa wa ma'aikacin kai. Likita ta ja shi cikin mota, rigarta duk jini, tana ɗaga murya tana cewa maganin na nan a firji.

Aka rufe Dapsiya a bukka. Minda ta yi nata lissafin. Tun da ba mai ba shi abinci sai ita, in ta ƙi, dole Haranga ya buɗe ƙofa.

"Na ɗura wa 'ya'yan mutane," ta ce masa, "nawa kam ba zan ɗura masa ba, Baban Dapsiya. Ka kashe ni."

Abin da ba ta lissafa ba shi ne yunwar. Da allura ta bar jikinsa, yunwar ta dawo fiye da da. Yana dukan ƙofa yana kiran Inna, tun yana roƙo har ya koma zagi, har ya koma gurnani. Ta toshe kunnuwa ta zauna a kan bakanta.

Da rana tsaka Haranga ya ɗauko tukunyar tuwo daga gidan ƙanwarsa, ya jawo Minda da gashi har ƙofar bukka.

"Ɗauki ki kai masa, 'yar banza!"

Ta sa ƙafa ta shure tukunyar, tuwo ya tarwatse a ƙasa. Sanda ta sauka a kafaɗarta, ta sake sauka a hannun da ta kare da shi, ta ji ƙashin ya karye. Sai ƙofar bukka ta ɓalle har da ginin da ke riƙe da ita. Minda ta ɗaga kai, zuciyarta ta ce ɗanta ya fito ceton ta. Ko kallon ta bai yi ba, idonsa na kan tuwon.

Haranga ya sha gabansa. "Koma ciki! Ka karya mini guru a gaban mutane?" Ya zabga masa sanda a goshi.

Dapsiya ya sure shi sama ya maka a kan turmi, ya bi shi ya faɗa masa da dukan nauyinsa. Maƙwabtan da suka leƙo ta kan danga sun ji ƙarar, ba wanda ya iya shigowa.

Dapsiya ya rarrafa ya durƙusa a kan tuwon, yana kwasa da hannu biyu, jini na zuba daga goshinsa, hawaye na bin jinin.

"Inna, Baba na motsi?" ya tambaya da cikakken baki. "Duba mini shi, Inna. Na kasa bari. Wallahi na kasa."

Minda ta dubi Haranga. Ba ya motsi. Ta ja jiki ta matso kusa da ɗanta, karyayyen hannun na lilo, ta sa mai lafiyar tana tsince masa tsakuwa daga cikin tuwon.