Ambulan ɗin Inna Balaraba

Jiya na zauna rubuta sunaye a ambulan na aurena, ƙamshin sabuwar takarda ya tuna mini da Kakata.

Ba ta yi boko ba, amma babu katin gayyatar da ke fita daga gidanmu na Zongo sai an karanta mata bayansa. Lokacin bikin yayata ni ce mai rubutu. Tana zaune a tabarma tana tauna goro, ina karantowa. Na zo kan na aminiyarta Inna Balaraba ta unguwar Larlé, wadda ta yi shekara biyu ba ta taka gidanmu ba, wai mun manta da ita.

"Monsieur et Madame Salifu," na karanta da Faransanci, wato Salifu mijinta da uwargidansa.

"Ina Balarabar?"

"Tana cikin Madame ɗin, Kaka. Haka aka koya mana a makaranta."

Ta yi dariya har goro ya sarƙe ta. "Ke 'yar boko! Salifu ne ya yi mini wankan jego da na haifi uwarki? Ɗauko sabo, ki rubuta Hajiya Balaraba, da manyan baƙaƙe. Shi ma a ba shi nasa."

Ranar biki Inna Balaraba ta riga kowa zuwa, tana nuna wa mata ambulan ɗin. Ita da Kaka suka rungume juna, kowacce na cewa ɗayar ce ta tsufa.

Allah ya jiƙan Kaka, ya sa mala'iku su tarbe ta da sunanta cikin fara'a.