Ramin da ke Bayan Kalanda

Yau shekara huɗu ke nan da rasuwar Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, kuma gara in fara da laifina kafin ƙanwata ta riga ni: ni na huda masa bango.

Kawu a unguwar Al Quoz yake aiki, nan ƙasar Larabawa, wurin masu haɗa ɗakunan sanyi. Da muka kama gida a Al Khabaisi, akwai wani ɗaki can sama ƙarƙashin rufi da kowa ya guje shi. Zafinsa ya isa ya gasa kaza tun tana da rai. Kawu ya ce a bar masa. Ya cusa audugar gilashi a bango da silin, ya rufe da allo, ya bi kowace kafa da kumfar gwangwani, ya manna roba a bakin ƙofa. Bayan wannan ƙaramar esi ɗaya ta wadatar da ɗakin, har sai ka nemi bargo.

Kawu bai taɓa yarda da bango ba. Yakan kunna turaren wuta, ya riƙe kasko yana bin lungu-lungu kamar mai neman ɓarawo. Inda hayaƙi ya karkata, nan iska ke satar hanya. "Ido yana ƙarya, Habu," yakan ce mini, "hayaƙi ba ya yi." Da zai ga kyamarar auna zafi da ma'aikata ke yawo da ita yanzu, na tabbata sai ya kunna turarensa ya gwada ita kanta kyamarar.

Ni kuma ban yarda da Kawu ba. Mutum ya toshe ɗaki haka, ko sauro sai da biza zai shiga, a ce don sanyi kawai? Na yanke hukunci zinariya ya ɓoye. Bara, da aka ba ni ɗakin, na ɗauki wuƙar yanka albasa na fafe allon. Ban sami komai ba sai auduga ruwan ɗorawa da ta sa ni susa kwana uku kamar biri. Na rataya kalanda a kan ramin, na yi shiru.

Da bazara ta kama, bangon ya fara gumi. Danshin waje ya sami ƙofa, baƙin tabo ya fito, ɗakin ya soma warin tsohon takalmi. Sai zargi ya tashi. Aka zargi esi, aka zargi tankin ruwa, aka zargi maƙwabcinmu ɗan Kumasi da shanyarsa. Daga ƙarshe Baba ya ce wa Mama, "Khalas, shi ke nan, aikin ɗan'uwanki ne ya fara nuna hali. Dama na ce kayan araha ya sa. A ɓare duka."

Abin da ya rage wa Mama na Kawu a ƙasar nan ɗakin ne, ga shi ana kiransa maha'inci alhali ba ya nan balle ya kare kansa. Ni kuwa ina gefe ina gyaɗa kai kamar alƙali.

Ranar Juma'a bayan la'asar ta hau sama da kasko, ina biye da ita. Ta rufe ƙofa, ta sa turare, ta fara bin bango yadda yake yi. Hayaƙin ya miƙe sak a taga. Ya miƙe a ƙofa. Da ta iso kalanda sai ya kwanta gefe, takardar ma tana ɗan motsi.

"Habu, wannan kalandar ta bara ce. Me take yi a nan?"

"Hoton nake so, Mama."

"Hoton kwantena?"

Ta ɗaga ta. Ta daɗe tana kallon ramin, sannan ta leƙa ƙasa ta ce, "Baban Habu, hawo ka ga kayan araha."

Ba a ɓare komai ba. Baba ya janye maganarsa, ya yi wa Kawu addu'a. Ni na canza audugar da ta jiƙe, na toshe ramin, na sake susa kwana uku. Da Mama ta dawo da kasko, hayaƙin ya miƙe.