Shanun Kumandan

Shekarar da aka kawo shanun ina goyon ɗana na biyu. Ƙauyenmu yana bakin gulbi, kan hanyar Tunuga in ka fito daga Gaya. Wata safiya kumandan ya zo bisa doki, da tafinta da gardi, ana janye da bijimai biyu a bayansu, ɗaya ja ɗaya fari, wasu mutane kuma ɗauke da garmar ƙarfe a ka. Tafinta ya ce gwamnati tana son talakawa su daina karya baya da hauya, a ba da mutum ɗaya da zai koyi noma da shanu, saura su gani su kwaikwaya.

Kowa ya sunkuyar da kai. Maigidana ne ya miƙe. Shi mutum ne mai son sabon abu tun yana saurayi.

Da ya dawo na ce, "Maigida, kayan Nasara ne fa. In sun mutu a hannunka?"

Ya ce, "In sun rayu kuma, ba za ki ƙara daka ƙaiƙayi ba."

Ya yi wata yana zuwa bariki ana koya masa. Da ruwa ya sauka, mutane suka cika bakin gona suna kallo. Gaskiya garmar ta yi aiki. Abin da yake ɗaukar mu mako, kafin azahar ya gama. Daɗi ya sa ya roƙi wansa ya ba shi gonar gadon da suke tarayya, ya ce zai nome duka su raba. Wan ya yarda, ransa bai so ba.

Ni ce mai ba shanun dusa da ruwa. Dusar da a da nake dama wa yara in abinci ya yi ƙaranci, ita suke ci. Ban yi ƙorafi ba, don na saba da su, jan ma yakan lashi hannuna.

Tsakiyar damina ƙudan tsando ya yi yawa a fadama. Shanun suka fara rama, idanunsu na zubar da ruwa, gashi ya tashi. Wani Bafillace ya duba ya ce sammore ne, ya ba da jiƙo, bai yi ba. Maigida ya tafi Gaya da ƙafa neman taimako. Ya tarar an ɗauke kumandan zuwa wani gari, wanda ya gaje shi kuwa bai san da zancen ba.

Tafinta ya ce masa, "Malam, shi wannan sabon kumandan, auduga ce a gabansa. Ka koma gida, irin auduga na nan tafe."

Farin ya fara mutuwa, jan ya bi shi. Babu wanda ya zo daga bariki ko don ya tuhume mu. Gonar ta fi ƙarfin hannunmu, ciyawa ta cinye gero muna kallo. Da kaka, abin da aka raba bai cika rabin rumbu ba. Wansa ya kwashe iyalinsa ya haye gulbi zuwa dangin matarsa, bai yi mana sallama ba.

Maigida ya koma hauya. Auduga ta zo, ya shuka kamar kowa, amma bai ƙara buɗe baki a taron gari ba har ya rasu.