Matsattsaku a Hannun Mai Agogo

Shekara talatin da ɗaya Mai Agogo ya yi a kan teburi guda, a bakin wani shagon takalma, da gilashi maƙale a ido, yana gyaran agogon hannu, yana tsintar sukurori ƙanana kamar ƙwayar yashi. Mutum ne mai ƙyanƙyami. Ko a gidansa kofinsa daban yake.

Yana dab da sittin amosanin gaɓɓai ya kama shi. Da safe yatsunsa su sandare, su kumbura, ko maɓallin riga ya gagare shi. Likita ta ɗora shi kan wata ƙwaya, sau ɗaya a mako, ta ce sai an yi haƙurin wata biyu zuwa uku. Ƙwayar kuwa tashin zuciya take sa shi, bakinsa ya yi ta ɗanɗanon ƙarfe. A mako na huɗu ya watsar da ita.

Sai ga yayarsa, wadda har gobe Auta take ce masa.

"Tashi, Auta. Akwai wani mai magani a bayan tasha, mataccen jinin yake zuƙewa."

Ɗakin mai maganin ƙarni yake yi. Mutumin ya zura hannu cikin wata kwalba mai koren ruwa, ya ciro matsattsaku uku, ya ɗora masa a wuyan hannu. Mai Agogo yana kallo suna cika, suna sheƙi. Da suka ƙoshi, sai mutumin ya matse su a tsumma, ya mayar kwalba.

"Malam, waɗannan ba su ka cire daga ƙafar dattijon da ya fita ba?"

"Su ne mana. Ai sun san aiki."

Mai Agogo bai kai ƙofa ba ya kelaya amai.

Bayan kwana biyar wurin ya ɗuri ruwa, yana wari. Likita ta kwance ƙyallen da ya ɗaure wurin da shi, ta kau da kai.

"Baba, ƙwaya ta tayar maka da zuciya, wannan bai tayar ba?"

Ya miƙa mata hannun ta wanke. Da mikin ya warke ta mayar da shi kan ƙwayar, ta ƙara masa wani magani mai rage tashin zuciyar, ta tura shi sashen gashin ƙashi, inda ake tsoma masa hannu cikin narkakken kakin kyandir mai ɗumi, ana koya masa motsa yatsu ɗaya bayan ɗaya.

Kumburin ya sauka, amma yatsu biyu sun riga sun karkace. Yanzu agogon bango kawai yake karɓa. Yayar kuwa ta samo labarin wani mai harbi da ƙudan zuma. In ya hango ta da jakarta, sai ya shige shagon takalma.