Ni Nake Aikensa Ya Kunno Mini

Ina gona a hanyar Dabai ina yankan dawa maƙwabcina ya tsaya da babur, ko inji bai kashe ba, ya ce in hau, babban ɗana ya faɗi a filin ƙwallo. Kafin mu isa asibiti an riga an lulluɓe shi. Shekararsa goma sha bakwai.

Ni tsohon soja ne. A wurin aiki na koyi shan taba, na dawo da ita Zuru da na yi ritaya. A unguwarmu yawancin magidanta tsofaffin sojoji ne, ba mai ɗaukar taba abin magana. In mun zauna gindin mangwaro da yamma ba ma neman ashana, sai mutum ya miƙa wa ɗansa kara ɗaya ya ce ya je murhu ya kunno. Haka nake yi da nawa tun yana shekara takwas. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa taba ba ta kamawa sai an zuƙa ba, kuma daga murhu zuwa gindin mangwaro sai an ƙara zuƙa don kada ta mutu. In ya iso yana tari, idanu jawur, abokaina su yi ta tsokanarsa wai ƙaramin kurtu ya fara horo. Ni ma har da ni a dariyar. Uwarsa ta sha tuna mini cewa yaron yana da asma tun yana goye, in daina aikensa. Nakan ce mata wuta kawai yake ɗaukowa.

Yana aji uku a sakandare ta tsinci guntayen taba a aljihunsa wajen wanki. Na zane shi da bel a tsakar gida har maƙwabta suka shigo. Bai yi kuka ba. Da na tsaya, sai ya ce Baba in yi haƙuri, amma in gaya masa wanda ya fara sa masa ita a baki. Na ƙara masa biyu. Daga ranar ya koma sha a ɓoye, ya kuma daina gaya mini komai.

Da daminar bara asmar ta kwantar da shi mako guda. A bakin gadonsa na roƙe shi ya bari. Ya ce zai bari in har tare za mu bari. Na ce to, a jira a gama girbi. Girbin nake yi ranar da babur ya zo. Likita ya ce asmar ce, amma hayaƙi ya riga ya raunana ƙirjinsa.

Na gane duka ba ya cire abin da uba ya koyar da hannunsa. Iyaye maza, kada ku aiki yaro sayen taba, kada ku ba shi ya kunno, ko sau ɗaya. In kun kama shi yana sha, ku ajiye taku kafin ku yi masa magana, kuma kada ku ce sai bayan wani abu.

Ƙaninsa ya shiga shekara goma sha uku. Kullum ina cewa zan zauna da shi in gaya masa duk wannan. An gama girbi tuntuni, ban zauna da shi ba, tabar ma ban bari ba.