Balaraba Dikko, Malamar Turanci Mai Keke

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma sha uku ga Maris, 1984, da hantsi, ina biya wa 'yan mata karatun allo a gidana na Argungu, ƙanenki Kalilu ya yi sallama, ya ce Allah Ya karɓi abinSa a Birnin Kebbi. Balaraba, ɗiyar kawuna, tare muka tashi a Gulma, allonmu ɗaya, har aka kai ki boko ni aka bar ni.

Mutane sun ce halinki baƙo ne, kuma ba su yi ƙarya ba. Mace ce ke, kina hawa keke zuwa makaranta. Ɗiyar bakin gulbi, ba ki cin kifi. In aka cire yarinya daga ajinki don yankan shinkafa, ranar Asabar sai ki ɗauki lauje ki yanke rabonta, ki ce wa ubanta, "Baba, aiki ya ƙare, Litinin ina jiran ta." Ni ma baƙaƙen bokon da nake rubutun nan da su, ke kika koya mini a kan faifai, da gawayi.

Amma ba zan yi miki shaida rabi ba, domin ina tsoron ranar da za a tambaye ni abin da ke zuciyata. Na yi kishinki shekara tara. Ba kishin albashi ko keke ba. Kishin Susanna ne, maƙwabciyarki a unguwar Badariya, matar Irimiya kafinta, wadda kuke koyarwa tare.

Duk zuwan da zan yi, ina tarad da ita a kan tabarmarki. Kuna Hausa saboda ni, sai dariya ta kama ku, ku zarce da Turanci. Akwai wata 'yar kalma, "od", da kuke jifan juna da ita. Ran nan na daure na tambaya, "Wai mi ke nan?" Kika ce wani mai duba makarantu ne ya rubuta ta a kanki. Kika lissafa mini da yatsu: abin da ido bai saba gani ba, ƙidayar da ba ta rabuwa biyu daidai, kamar uku, ɗan aikin da ake samu jifa-jifa, takalmin da ɗan'uwansa ya ɓace. Susanna ta ce, "Shi na farkon yake nufi, ita kuwa ta ɗauka yabo ne!" Kuka sake fashewa. Ni ban yi dariya ba. A motar komawa Argungu ina ta tunanin ashe ku biyu kuna da wani ɗaki da ni ba ni da ƙofarsa.

Wata huɗu kika yi kwance. Sai a na huɗun aka gaya mini. Susanna ce ta dama miki kunu, ta wanke miki zane, ta kai ki asibiti. Na ce Allah Ya saka mata, amma bakina kawai ya faɗa.

Da na iso ranar Talata, ita ce ta tare ni a ƙofa. Ta ce, "Yaya Sauda, ta bar sallahu. Ta ce ke za ki yi mata wanka." Ba wanda ya ji wannan wasiyya sai ita. Da ta yi shiru, da wata aka sa. Na shiga ɗakin, na ja ƙofa, ita tana waje tana hura wutar ruwan, tun da addini bai ba ta shiga ba. Astagfirullah, Balaraba, a gaban gawarki na ji daɗi. Na ce a raina, yau dai ni kaɗai ce.

Sai na ji ta matso jikin ƙyaure, murya ƙasa-ƙasa: "Yaya, kafaɗarta ta hagu na mata ciwo. A juya ta a hankali."

Ban san da wannan ciwo ba. Na juya ki a hankali, ina kuka, kuma har a lokacin ban san ko kukan rashinki nake ba ko na abin da ta sani ni ban sani ba.

Ki yafe mini, 'yar'uwata. Kishin bai gama fita ba, ina dai roƙon Allah Ya cire shi kafin in biyo ki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya sa kowace yarinya da kika mayar aji ta zama miki haske. Ina yi wa maigidanki Malam Abdussamadu ta'aziyya, da Inna Laure, da Kalilu, da 'ya'yanki Ummaru da Tamba, da dukan dangi na Gulma. Allah Ya ba mu haƙuri.

Susanna, ranar nan na fito na wuce ki ban yi miki gaisuwa ba. Ga ta yanzu a rubuce, kowa ya gani: sannu da rashi, naki bai gaza nawa ba. Ranar sadakar arba'in zan zo Badariya. In kin yarda, ki ba ni labarin wata huɗun nan.

Sauda Usmanu, Argungu